Babi na Biyar: Sardauna, Ƙaramar Hukumar da ke Bisa Tsauni

Wanda ya buɗe taswirar Jihar Taraba ya dubi kusurwarta ta kudu maso gabas zai ga wani yanki da ya kutsa cikin Kamaru, iyaka ta kama shi ta gabas ta kama shi ta kudu. Wannan ita ce Ƙaramar Hukumar Sardauna, hedikwatarta a Gembu. A wajen doka ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 16 na Taraba, ɗaya daga cikin 774 da tsarin mulkin Najeriya ya jera sunayensu. Tana da shugaba, tana da kansiloli, tana da kason da ake turo mata daga asusun tarayya kowane wata, kamar dai kowacce. Abin da taswira ba ta nunawa shi ne kusan dukkanta tana zaune ne a bisa Tsaunin Mambila, inda ƙasa ta ɗaga sama da kimanin mita 1,600, kuma a gefenta ne ƙololuwar Chappal Waddi take, mai mita 2,419, wadda babu inda ya kai ta tudu a duk Najeriya.

Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali ya wuce Serti ya isa Mayo Selbe, a nan hawa yake farawa. Hanya ce ɗaya tilo mai kwalta, tana murɗewa a jikin dutse har ta fitar da mutum a Maisamari, daga nan sai Nguroje, sai Gembu. Duk buhun siminti, duk tankar fetur, duk kwalin magani da akwatin zaɓe da zai hau tsaunin daga cikin Najeriya, ta nan zai bi. Idan zaftarewar ƙasa ta toshe ta da damina, jama'ar da ta haura dubu ɗari biyu ce aka rufe wa ƙofa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin duk lissafin da za mu yi nan gaba a kan wannan hanyar yake rataye.

Sunan ƙaramar hukumar ma tarihi ne mai zaman kansa. Mambila ba ta cikin Najeriyar da aka haɗe a 1914. A lokacin tana ƙarƙashin Kamarun Jamusawa, waɗanda suka kafa sansani a Banyo tun farkon ƙarnin. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, aka ja layi a 1919, Banyo ta faɗa hannun Faransa, tsaunin ya faɗa hannun Ingila. Layin ya ratsa tsakiyar Mambilawa: mafi yawansu suka zauna a sama, wasu kuma a ƙasa, a filin Tikar, a garuruwa irin su Somie da Atta, waɗanda har yau suke cikin Kamaru. Ingila ba ta mallaki yankin a matsayin nata ba. Riƙon amana aka ba ta, da farko daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a 1922, daga baya daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. Sai dai don sauƙin aiki ta liƙa shi da Lardin Adamawa, ana tafiyar da shi ta Gashaka, umarni yana zuwa daga Yola.

A nan aka fara samun tangarɗa. Mambilawa ba su taɓa samun sarki ɗaya da ya haɗa su ba. Kowane gari da shugabansa, kowace unguwa a jikin tudunta, kuma harshen ma yana sauyawa daga kwari zuwa kwari har ta kai mutanen gari biyu masu nisa suna shan wuyar fahimtar juna. Abin da suka sani game da masarautun Fulani na Banyo da Gashaka kuwa shi ne hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19. Bature ya zo yana neman mutum ɗaya da zai tara masa haraji, bai same shi a cikin mutanen ba, sai ya ɗora musu hakimai daga waje. Irin wannan ƙorafi ya yi yawa a duk faɗin Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, kuma ya fito fili a Nuwamban 1959, da aka tambayi jama'a ko su shiga Najeriya ko a jinkirta magana. Kusan kashi 62 cikin ɗari suka ce a jinkirta. Abin ya girgiza gwamnatin Arewa da ke Kaduna. Nan da nan aka cire yankin daga ƙarƙashin En'e ɗin Adamawa, aka kafa sababbin En'e-En'e a 1960, ciki har da ta Gashaka da Mambila.

Da aka sake jefa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo, aka mai da shi lardi mai zaman kansa, aka sa masa sunan sarautar Firimiya Ahmadu Bello, wanda ya yi yawon neman wannan ƙuri'a da kansa. Lardin Sardauna ke nan, hedikwata a Mubi. Kamaru ba ta ji daɗi ba, har ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotun kuwa a 1963 ta ƙi shiga cikin maganar.

Yanzu a duba yawon da hedikwata ta yi da mutumin Gembu cikin shekara talatin kacal. A 1961 lardinsa yana Mubi, gwamnatinsa tana Kaduna. A 1967 aka sa shi Jihar Arewa maso Gabas, babban birni Maiduguri, tafiyar da ta fi ƙarfin kwana ɗaya a hanyoyin wancan zamani. A 1976 aka ƙirƙiri Gongola, ya koma Yola. A watan Agustan 1991 aka yanko Taraba, sai Jalingo. Lardin Sardauna ya bi ruwa, Mubi da Ganye suka tafi Adamawa, Gwoza ta tafi Borno, sunan ya rage a kan ƙaramar hukuma ɗaya. Ita ma tun tana da faɗi, ta haɗa da Gashaka da Kurmi, har aka yanke su ɗaya bayan ɗaya: Gashaka ta koma Serti, Kurmi ta koma Baissa. Abin da ya saura shi ne tsaunin da ɗan abin da ke gindinsa, murabba'in kilomita kimanin 4,600. A duk waɗannan yanke-yanke, sau biyu kawai aka taɓa tambayar mutanen wurin ra'ayinsu, a 1959 da 1961. Sauran duk sanarwa suka ji.

A cikin gida, hukumar zaɓe ta kasa Sardauna mazaɓun kansila goma sha ɗaya: Gembu A, Gembu B, Kabri, Kakara, Magu, Mayo Ndaga, Mbamnga, Ndum Yaji, Nguroje, Titong da Warwar. A Majalisar Dokokin Taraba mai kujeru 24 tana da uku, wato Gembu, Nguroje da Mbamnga. A Majalisar Wakilai kujera ɗaya take rabawa da Gashaka da Kurmi. A Majalisar Dattawa tana cikin Taraba ta Tsakiya tare da waɗannan biyun da Bali da Gassol. Gefe guda kuma ga tsarin gargajiya: Sarkin Mambila a Gembu, hakimai, dagatai, jauro a ƙauye, arɗo a ruga. Iyakar hakimi ba lallai ta dace da ta kansila ba, iyakar arɗo kuwa tana tafiya ne da garkensa. Talaka mai ƙarar gona yakan rasa ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Ƙidayar Maris 2006 ta ba Sardauna mutum sama da 224,000, a jihar da aka ƙirga kusan miliyan 2.3. Wato kusan kowane mutum goma na Taraba, ɗaya a kan tsaunin yake. Gashaka da Kurmi kuwa kowacce ba ta kai dubu ɗari ba, ko an haɗa su biyun ba su kamo Sardauna ba. Wannan ya saɓa wa abin da mutum zai zata. A wurare da yawa na duniya tsauni ne ke zama fayau, kwari ya cika. A nan kwarin ne ke da ƙudan tsando da sauro da kurmi, wani babban sashe nasa ma gandun dajin Gashaka Gumti ne da aka killace tun 1991, sama kuwa ga sanyi, ga ruwan sama na wata bakwai ko fiye, ga ciyawa shimfiɗe iya ganin ido. Gashaka ta kusa ninka Sardauna faɗi, amma a kowane murabba'in kilomita mutum goma ne ko kusa da haka, alhali a sama sun kusa hamsin.

Idan aka raba jama'ar da faɗin ƙasar gida goma sha ɗaya, kowane kansila zai tashi da mutum kimanin 20,000 a fili mai murabba'in kilomita sama da 400. Don a gane nauyin wannan, a dubi Tarauni a cikin birnin Kano. A ƙidayar 2006 yawan jama'arta kusan ɗaya yake da na Sardauna, amma duk faɗinta bai kai murabba'in kilomita 30 ba. Ma'aikacin rigakafi a Tarauni zai iya ratsa ƙaramar hukumarsa da ƙafa kafin azahar. Takwaransa na mazaɓar Ndum Yaji ko Kabri yana da filin da ya ninka Tarauni gaba ɗaya sau goma da wani abu, filin kuma hawa ne da gangara, ga rafuka a kowane kwari. Akwai ƙauyukan da sai an tsallake kogin Donga da kwalekwale, akwai waɗanda tsohuwar Landiroba ce kawai ke iya zuwa, akwai waɗanda da damina ko babur sai an tura shi. Mace mai naƙuda ba ta auna nisan asibiti da kilomita, da awa take aunawa, kuma awar watan Agusta ba ɗaya take da ta watan Janairu ba.

Tsarin rabon arzikin ƙasa bai manta da wannan ɗungurungum ba. Cikin ma'aunin da ake raba kuɗi tsakanin ƙananan hukumomi, kashi 40 raba daidai ne, kashi 30 yawan jama'a, kashi 10 kuma aka ware wa faɗin ƙasa da yanayinta. A ganina kashi goman nan ya yi kaɗan ga wuri irin wannan. Bulo ɗaya, kwanon rufi ɗaya, malamin makaranta ɗaya, duk sun fi tsada idan sai sun hau dutse. Naira ɗaya a Gembu ba ta sayen abin da take saye a Jalingo, balle a ƙauyen da ke bayan Gembu da tafiyar yini. Mutanen tsaunin sun daɗe suna neman a ƙara musu ƙananan hukumomi, amma tun 1996 ba a ƙara ko ɗaya a jerin ƙasa ba, domin ƙarin yana buƙatar a taɓa tsarin mulki. Ni ban ɗauki sabuwar sakatariya a matsayin magani ba, don sau da yawa albashi take ci kafin ta gina komai. Abin da ya fi kama hankali shi ne a riƙa ajiye asibiti da makaranta da rumfar zaɓe bisa awannin tafiya na damina, ko da lissafin kawuna bai kai ba.

Sai kuma tambayar da ƙidaya ta ƙi yi: su wane ne waɗannan mutane? Ƙidayar 2006, kamar ta 1991, ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, don gudun irin rigimar da ta sa aka soke ta 1973. Saboda haka duk wanda ya ce ƙabila kaza kashi kaza ce a Sardauna, daga kansa ya faɗa. Abin da aka tabbatar shi ne waɗanda ke zaune. Akwai Mambilawa, tsofaffin mazauna, manoman masara da gwaza, a da kuma dawa. Akwai Kaka, waɗanda a Kamaru ake kira Yamba. Akwai Panso da Kambu, da asalinsu ke tsaunukan Bamenda. Akwai Fulani, na gida da na daji. Akwai Ndoro da Tigon a gangaren yamma. Akwai Hausawa, waɗanda tun zamanin fataucin goro suka san hanyar, suka zauna a kasuwanni suna fawa da tireda da dillancin shanu, ga kuma Inyamurai masu shaguna a Gembu da Nguroje. A kasuwa Fulatanci ne ke haɗa kowa, Hausa tana biye da shi. Musulmi da Kirista suna cakuɗe har a cikin gida ɗaya, mishan ɗin Baptis kuwa ya kafu a Warwar tun kafin samun 'yancin kai.

Ƙarƙashin waɗannan manyan sunaye akwai ƙananan al'ummu da babu wata takardar gwamnati da ta san da su. A Zongo Ajiya akwai masu harshen Mvanip, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, in ma sun kai. A Kila Yang akwai zuriyar maƙera masu harshen Somyev, wanda lokacin da masanin harsuna Bruce Connell ya bincike shi a shekarun 1990 tsofaffi 'yan ƙalilan ne suka rage suna jin sa. Wannan ɗabi'ar tsauni ce: kwari yana ɓoye mutane ya adana harshensu shekaru aru-aru, hanya kuma idan ta zo takan shanye shi cikin zuriya biyu. Abin yana damuna, domin irin waɗannan mutane sukan ƙare ba tare da an taɓa rubuta yawansu ko sau ɗaya ba.

Akwai wani gibi a ƙidayar da ya shafi lokaci. An yi ta ne a ƙarshen Maris, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum inda aka same shi. Maris kuwa ƙarshen rani ne, lokacin da ciyawar sama ta bushe ko aka ƙone ta, makiyaya da yawa sun gangara da garkunansu kwaruruka, wasu har cikin Gashaka, wasu sun tsallaka iyaka. Saurayin da aka ƙirga a gindin dutse a watan Maris, a kan dutse zai yi damina, a can zai nemi magani, a can zai yi zaɓe. Ƙari a kan haka, shekara huɗu kafin ƙidayar, a Janairun 2002, rikici ya kori dubban Fulani zuwa Kamaru, kuma sai wajen 2005 aka dawo da da yawa daga cikinsu da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙidayar ta samu jama'ar da ba ta gama komawa mazauninta ba.

Wanda kuma yake son fahimtar cunkoson Mambila ba zai tsaya a ƙirga mutane ba, sai ya ƙirga shanu. Da yake babu ƙudan tsando a sama, babu sammore, makiyaya suka fara kwararowa da yawa daga shekarun 1940, Turawa kuma suka yi maraba da su saboda jangali. Garke ya hayayyafa, manomi ma ya hayayyafa, fili kuwa yana nan yadda yake. Aka yi rabon da ya bar wa manoma kwaruruka, makiyaya suka riƙe tuddai. Bayan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 masu hali, na gida da na waje, suka riƙa karɓar takardar shaidar mallaka a kan manyan filaye suna kewaye su da waya mai ƙaya. Ga gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, ga gandun Ngel Nyaki da aka killace, ga bishiyoyin turare da aka dasa ko'ina don itace da katako. Idan aka cire duk wannan daga murabba'in kilomita 4,600, aka cire gangaren da fartanya ba ta iya tsayawa, mutum hamsin ɗin nan na kowane murabba'in kilomita za su koma ninkin-ba-ninkin a kan ɗan abin da ya rage na noma. Saurayin Mambila da ya tashi bai gaji gona ba yana kallon waya, ƙaramin makiyayi da ba shi da takarda shi ma wayar yake kallo. Rikicin 2002 da na Yunin 2017, wanda har yau ɓangarorin ba su yarda da juna kan yawan waɗanda aka kashe ba, a kan wannan ƙasa suka tsiro. Ana ba su sunan ƙabila, amma wanda ya bi diddigi zai tarar da maganar fili da maganar kujerar shugaban ƙaramar hukuma, domin mai wannan kujera yana da hannu a kan wa zai samu fili.

Iyakar ƙasa ma ba ta gama zama ba sai a baya-bayan nan. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002, wanda kowa ya sani da sunan Bakassi, ya bi iyakar tudu tun daga Tafkin Chadi, ya fassara tsofaffin takardun Turawa na 1931 da 1946 a wuraren da ake jayayya, ciki har da wasu a gefen Mambila. Takardun sun yi magana da ƙoramu da kawunan duwatsu, mutanen wurin kuwa gonarsu tana wannan gefe, surukansu suna wancan. A garuruwa irin su Dorofi da Kan Iyaka, ranar kasuwa naira da sefa tare suke yawo. Tun daga ƙarshen 2017 kuma, da yaƙi ya ɓarke a yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru, dubban 'yan gudun hijira sun hauro Taraba, Sardauna na cikin inda suka fi sauka. Da yawa ba sansani suka shiga ba, gidajen dangi suka shiga, 'ya'yansu suna zama a aji ɗaya da 'ya'yan masu masauki, suna ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Babu ɗayansu a cikin 224,000.

Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk wani adadi da ake ambata wa Sardauna a yau hasashe ne da aka gina a kan na 2006, a ɗauki ƙaruwar kashi uku ko kusa da haka a shekara a ɗora, sai a samu abin da ya haura 350,000. Lissafin yana ɗauka cewa kowace mazaɓa tana girma daidai da 'yar'uwarta, alhali Gembu da Nguroje suna kumbura, wasu ƙauyukan da rikici ya taɓa kuwa sun ragu. Da wannan hasashe ake aiko da allurar rigakafi, da shi ake raba gidan sauro da takin zamani. Da shi kuma za a tunkari babban aikin da aka daɗe ana yi wa tsaunin alkawari, wato tashar lantarki ta Mambila, wadda a 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilarta ta megawat 3,050 a kan kusan dala biliyan 5.8, shari'a da rashin kuɗi suka riƙe ta. Madatsun da aka zana za su tare kogin Donga da rassansa, ruwa kuma kwari yake cikawa, kwarin nan da aka bar wa manomi. Kafin a biya diyya sai an san gida nawa ne, gona nawa ce, wa ke nomanta, wa ke shayar da shanunsa a bakinta da rani, kuma ƙarƙashin wane dagaci da wane arɗo suke. Wannan aiki ne na bi ƙauye-ƙauye da ƙafa, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, tare da mutanen da ke jin Mambilanci da Fulatanci da harshen Kaka, kuma a karanta wa jama'ar kowace mazaɓa abin da aka rubuta a kansu kafin a kai shi Jalingo.